Wa Ke Sosa Wuyan Oburoni?

"...Lafiya ƙalau, amaryata. Ya gida, ya takaba? Yaushe za ki gama in turo manya da goro?"

"Da wane gemun? 'Yan gashin nan na haɓarka da ko bunsuru zai ji kunyar fita da su?"

"Gemu ake aure ko mutum? Ga shi nan mai gemun ya tafi ya bar min ke."

"Ya bar maka ni? Ko tsohon silifas ɗinsa bai bar maka ba. Matsa can, kana warin motar haya, turoturon da ka hau."

Ni Luba ce, mai koko da ƙosai a bakin lungunmu na unguwar Maamobi. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan marigayi Alhaji Jalilu, katangar kuma ba ta kai kafaɗata ba, saboda haka ba a yin abu a gidan nan ban gani ba. Wasu na kiran wannan gulma. Ni maƙwabtaka nake ce masa.

Masu wannan musayar bakin kuwa Hajiya Sahada ce, matar marigayin, da jikanta Ukasha, ɗan babban ɗanta da ke zaune a unguwar Kotobabi. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, shi kuma yana ce mata amarya. Lokacin da Alhaji ke raye, duk ranar da ya tarar da su tare sai ya ɗaga sanda, wai ya kama kwarto a gidansa.

Washegari za a yi addu'ar arba'in ta Alhaji. Matan gidan duk sun tafi kasuwar Nima sayen kayan miya, an bar ni da Hajiya muna tsintar waken waakye, wato wake da shinkafa, a tsakar gida. Ga manyan tukwane a kife, ga kujerun roba an ɗora su kan juna kamar suna jiran mutanen da ba za su zo ba. Tun safe aka ɗauke wuta. Ba fanka, ba rediyo, ba kiɗa, ko la'asar da maƙogwaronsa ladan ya kira ta. Wanda ya san Maamobi ya san shirunta ba abin daɗi ba ne. Har ruwan babbar kwata ina jin tafiyarsa a bayan gida.

Saniya ce ta kawo Ukasha. Alhaji yana da saniya guda a ɗan garken bayan gida, fara tas, shi ya sa yake ce mata Oburoni, wato Baturiya. 'Ya'yansa maza sun yanke shawara ita za a yanka a ciyar da masu zuwa addu'a, an kuma gaya wa Ishawu mahauci ya zo da aboboyarsa, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ya ɗauke ta kafin magariba. Sai dai tun yana raye Alhaji ya faɗa a gaban mutane cewa saniyar ta Hajiya ce. Ba mai kwance ta daga turke sai Hajiya ta miƙa igiya da hannunta.

"Tashi ka je ka cire mata layar nan taka kafin Ishawu ya iso," in ji Hajiya. "Kada wuƙa ta hau kanta ka zo kana mana kuka."

"Ba laya ba ce, amarya. Na'ura ce."

"Abin da aka rataya a wuya, aka ce yana sanin abin da ido bai gani ba? Ko a ina aka je sunansa laya."

"Ke dai ba ki waye ba. In na aure ki makarantar yamma zan sa ki."

"In ka aure ni goya ka zan riƙa yi zuwa makarantar. Tashi, na ce."

Bai tashi ba. Ya ce a ba shi ruwa, na ba shi. Ya ce ruwan da ɗumi, wai amaryar kirki da ƙanƙara take tarbar miji.

"Ka ga wuta a garin da za a sami ƙanƙara? Sha ko ka ajiye."

Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma ga yadda na gane abin nan da suke musu a kai. Ukasha yana karatun kiwon dabbobi, shi ya haɗa shi da kansa. Wani ɗan akwati ne da bai fi gwangwanin sadin ba, ya ɗinka shi jikin tsohon bel ɗin kujerar mota da ya samo a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ya ɗaura wa Oburoni a wuya. Akwatin ba ya gani, ba ya ji, motsin wuya kawai yake ji. Da farko wawa ne, bai san komai ba. Sai Ukasha da Alhaji suka riƙa zama a garken suna koya masa kamar ɗan makaranta. In ta sa baki a ciyawa, Ukasha ya danna wayarsa: wannan ci ne. In ta kwanta tana tauna: wannan tuƙa ce. In tana kaɗa kai: ƙuda ne. Suka yi ta yi har abin ya haddace, ya koma shi ke gaya musu ta waya. Akwai ranar da ya ce ta daina tuƙa, a duba ta, alhali ido na ganin ta lafiya. Da aka kira likitan dabbobi, ashe leda ta haɗiya. Daga ranar Alhaji ya daina ce masa kayan wasa.

"Kai wai me kake kallo a jikin bango?" in ji Hajiya. "Tun da ka shigo idonka na can."

"Inuwa nake kallo."

"Inuwa? Ta ci maka wani abu?"

"Kyanki ne ya yi yawa, nake hutar da idona."

"Ƙarya. Luba, dube shi. Gumi yake yi a inuwa. Ko tsoron saniya kake ji, ango? Saniyar da kai ke kawo mata ciyawa kullum safe?"

"Safe daban, yamma daban."

"Da yamma ƙaho take ƙarawa?"

Na ce, "Hajiya, ƙila ta yi masa alkawarin aure ne, yana jin kunyar sallamar ta."

"Ai sun dace. Ita tana tuƙa, shi yana surutu, baki ba hutu."

Na zaci zai rama, don Ukasha ba ya barin bashin magana ya kwana. Sai ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Kaka."

Hajiya ta ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Rabon da in ji yaron nan ya ce mata Kaka tun ranar da aka fita da gawa.

"Kaka, ke ce kike zuwa garke da la'asar kina sosa ta?"

"Ni? In sosa Oburoni? Saniyar da ta sa shayina ya yi ta hucewa a banza shekara da shekaru? Kullum mutumin nan ya dawo masallaci, ko ɗaki ba ya shiga, sai garke. In ƙwala masa kira, ya ce kada a kira shi. Tun da ya rasu ban taka ƙofar garken nan ba. Gobe ma fatar wuyan nata na ce Ishawu ya ware min, a yi min wele, gandar nan, da ita, in ci da waakye ina lumshe ido."

"To ke fa, Anti Luba? Ba kya tsallako katanga?"

"Ni ido kawai nake tsallakarwa," na ce. "Ƙafata tana gidana."

Ya ciro wayar daga aljihu, ya riƙe ta kamar mai riƙe da garwashi.

"Kin tuna Alhaji ba ya karanta boko. Sai na ce bari in sa murya, abin ya riƙa faɗa da baki. Na sa tawa, ya ce muryata ta ɗan akuya ce, saniyarsa ba za ta yi magana da ita ba. Ya karɓi wayar ya faɗi kowace magana da bakinsa. Tun da ya rasu na kashe sautin. Rubutu kawai nake gani."

"To sai me? Buɗe mu ji."

"Kaka..."

"Buɗe, matsoraci. Muryar da na sha jin minsharinta ce za ta ba ni tsoro?"

Ya danna. Sai muryar Alhaji Jalilu ta fito tsakiyar tsakar gida, da 'yar kakin nan tasa ta mai cin goro:

"Tana tuƙa. A bar ta ta huta."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a cikin wake. Ni tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Na san ɗauka aka yi, na san waya ce, amma sai da na waiwaya na dubi ƙofar ɗakinsa.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ka ji shi. Ko sallama babu. Saniya dai, saniya dai."

"Ba wannan ba ne abin," in ji Ukasha. "Akwai wanda ya matsa sai da na ƙara. Ya ce a koya wa na'urar susarsa. Kullum in inuwar benen maƙwabcinku Razak ta taɓa bahon ruwanta, sai ya zauna kan 'yar kujerarsa yana sosa mata wuya, ni kuma ina dannawa: wannan Alhaji ne. Har ta haddace hannunsa."

"To?"

"Har yanzu tana faɗa."

"Tana faɗar me?"

"Cewa yana sosa ta. Kullum. In inuwa ta taɓa baho. Ranar da aka kai shi ma ta faɗa, muna maƙabarta."

Wata kaza ta wuce da 'yan tsakinta, ƙarar ƙafafunsu a siminti kamar ana zuba tsakuwa.

Hajiya ta fashe da dariya, amma dariyar ba ta sauka cikinta ba. "A'uzubillahi! Matattu ba sa dawowa, yaro. Gwangwaninka ne ya haukace. Ya gaji mai shi."

"Na duba shi, lafiyarsa ƙalau. Na canza batir. Na goge abin da ya haddace na sake ɗora masa. Komai daidai yake faɗa, ci, tuƙa, kwanciya, bai taɓa kuskure ba."

"To jikin turke take gogawa."

"Wannan ma yana da sunansa daban."

"To aljani ne ya ga gidan ba namiji ya shigo. Ka ga laifinka ke nan, kana can Kotobabi ka bar amarya da saniya ba mai gadi."

"Ki yi ta wasa. Ni dai roƙona ɗaya, kada ki ba Ishawu igiyar nan."

"Iye! In tara mutane daga Nima har Tudu, in ba su waakye gaya, in ce musu gwangwani ne ya hana? Iyayenka maza su ce tsohuwa ta fara ruɗewa? Wallahi sai an yanka ta."

"Sai dai a haɗa da ni."

"Kai ai ba ka da nama. Ko romo ba za ka yi ba."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Luba, tashi mu je mu kunyata shi. Garke cikin gida yake, takabata ba ta hana ni ba. Kai kuma wuce gaba, ango."

"Amarya ake sa wa gaba."

"A biki ba. A wurin tsoro miji ne gaba."

Ni suka sa gaba.

Garken ɗan siriri ne, tsakanin bayan ɗakuna da katangar kwata, rabi an rufa shi da kwano, rabi a buɗe. Oburoni na kwance tana tauna, akwatin nan a wuyanta da ɗan haske kore yana ƙiftawa. A lungun dama, inda Alhaji ke zama, ba komai sai sawun ƙafafun kujerarsa a ƙasa, don kujerar an ɗauke ta tun ranar zaman makoki. Inuwar benen ta ci rabin fili. Tsakaninta da bahon ruwa bai fi tafin hannu ba.

"Ai abin mai sauƙi ne," in ji Hajiya. "Susa susa ce. Duk wanda ya sosa ta, gwangwanin zai ce Alhaji ne. Ƙila yaran lungu ke shigowa. Luba, je ki sosa ta."

"Ni kuma? Me na yi miki?"

"Ba kin iya leƙe ba? Yau ki taɓa."

Na matsa, na yi bisimilla, na sa faratana a bayan kunnenta ina sosawa iya ƙarfina. Oburoni ta miƙe tsaye ta kaɗa kai. Waya ta yi ƙara a hannun Ukasha, muryar Alhaji ta ce:

"Ƙuda na damun ta. A kore shi."

Hajiya ta riƙe ciki. "Allah ya ji ƙanka, Alhaji! Kana raye ka faɗa, ka mutu ka maimaita!"

"Ni ce ƙudan?" na ce. "Duk kokon da na ba shi kyauta?"

"Anti Luba, na'ura ba ta son kai," in ji Ukasha. Har ya ɗan yi dariya, amma idonsa na kan inuwa.

"Matsa ki ga hannun da ya san aiki," in ji Hajiya. "Na sha kallon sa ta taga. Daga bayan kunne yake farawa, ya gangara zuwa tozo, ya dawo da bayan yatsu."

Ashe tana kallo. Duk shekarun nan da take cewa ba ruwanta da garke. Ta naɗe hannun rigarta ta sa hannu, ta yi yadda ta faɗa, a hankali, har da komowa da bayan yatsu. Saniyar ta tsaya tana kallon ta da gefen ido. Waya ta yi ƙara:

"Wannan kuma wane ne? Ban san shi ba."

Hajiya ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Na ga leɓenta ya motsa kafin magana ta fito.

"Ba ka san ni ba? Ni da na dafa maka tuwo tun kana tura amalanke a Tudu? Ni da na haifa maka masu gemu? Yau ni ce wane ne?"

"Kin ji da kunnenki, Anti Luba shaida ce," in ji Ukasha. "Ya sallame ki. Saura ni."

"Rufe min baki, ɗan akuya."

"Haka yake faɗa in motsin bai yi kama da wanda ya haddace ba. Ni ma na gwada, haka ya ce min. Babana ma ya gwada."

"Wato duk gidan nan ba wanda ya sani sai saniya."

Ta dawo bakin ƙofa inda muke. Muka tsaya mu uku, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce a tsaya. Iska ta ɗauke ɗif. Ko ruwan kwata na daina ji.

Inuwa ta taɓa bakin baho.

Oburoni ta daina tauna. Ta ɗaga kunnuwa ta dubi ƙofa, ba mu take kallo ba, tsakanina da Ukasha take kallo, inda ba kowa. Sai kanta ya fara juyawa sannu sannu, kamar mai bin wanda ke tafiya da sanda, daga ƙofa, ta gefen baho, har lungun dama. Ta taka ta je can iya tsawon igiyarta. Ta sunkuyar da kai daidai ƙirjin mutumin da ke zaune. Ta karkata wuya. Ta lumshe ido.

Wallahi da idona na gani, fatar wuyanta tana motsi. Daga bayan kunne, ta gangara zuwa tozo, ta dawo. Ta sake gangarawa, ta dawo. Kazar nan ta shigo da 'yan tsakinta tana nufin lungun, da ta zo daidai sawun kujera sai ta kewaye, 'ya'yanta suka bi ta a layi, ba wanda ya taka wurin.

Waya ta yi ƙara.

"Ga ni nan, ina sosa ta. Kada a kira ni."

Na ji faratan Hajiya sun shige damtsena. Na so in karanta ayatul kursiyyu, na nemi farkonta na rasa.

"Kaka," in ji Ukasha da raɗa, "ƙila tunawa take yi. Dabba tana da sabo. Lokacin ya yi, jikinta ya yi abin da ya saba, na'ura kuma motsi kawai take ji. Haka malaminmu ya ce."

"Malaminku ya zo ya gani?"

"A'a."

"Kai ka yarda da abin da ya ce?"

"Da safe ina yarda."

Sai ga ƙarar aboboya a bakin lungu, fat-fat-fat, ta mutu. Muka ji sallama da babbar murya, muka ji takalmin roba yana tahowa. Ishawu mahauci ne, ƙato, da tawul a kafaɗa, bai san komai game da gwangwani ko waya ba. Ya leƙo ta saman kanmu.

"Hajiya, barka da yamma, ya ƙarin haƙuri? A ba ni igiya in wuce kafin hanya ta cushe." Ya dubi saniyar, ya karkata kai yana leƙa bayanta. "A'a, wa ke can? Malam, sannu, ɗan matsa min."

"Ba kowa, Ishawu," na ce.

"Kamar ya ba kowa? Wa ke riƙe da ita?"

"Ba mai riƙe da ita."

Ya shiga, ya zagaya ta hagu, ya leƙa lungun. Ya tsaya. Ya ciro tawul ya goge wuya. Sai ya dawo da baya da baya, bai juya wa lungun ƙeya ba har ya iso ƙofa.

"Tun ina yaro nake cikin shanu," ya ce a hankali. "Saniya ba ta ba da wuyanta haka sai da hannu a kai."

Muka tsaya har fatar ta daina motsi. Oburoni ta buɗe ido, ta bi wani abu da kallo daga lungu zuwa ƙofa, har sai da ni da Ukasha muka raba kafaɗa ba mu sani ba. Sannan ta yi ajiyar zuciya irin ta shanu, ta koma kan ciyawarta. Waya ta ce, "Tana ci. Madalla."

"To, Hajiya," in ji Ishawu, muryarsa ta ragu, "igiyar fa? In za a ba ni a ba ni, in ba za a ba ni ba ma, wallahi ba na fushi."

Hajiya ta taka zuwa turke. Ta sunkuya ta kwance igiyar da hannunta, ta naɗe ta a tafi. Ukasha ya kau da kai. Ta tsaya tana kallon saniyar, tana kallon sawun kujera.

"Alhaji yana inda Allah ya ajiye shi," ta ce. "Ba ya yawo a garke, kada in ji wani ya fita da wannan maganar. Luba, da ke nake."

"Ni ƙuda ce, Hajiya, wa zai saurare ni?"

"Amma fatar da ta riƙe hannunsa ta ƙi saki, ba ni zan sa a ƙona ta a zuba a kan waakye ba. Ni da na kwana da shi na tashi da shi, hannuna bai iya ba. Ita ta iya." Ta juya. "Ishawu, gobe ka kawo mana nama daga rumfarka. Na saniyar da ba mu san sunanta ba."

"An gama, Hajiya." Ban taɓa ganin ƙato ya fita lungu da sauri haka ba. Ko tawul ɗinsa a garken ya bar shi.

"Su Baba fa?" in ji Ukasha. "Za su yi faɗa."

"Su zo su same ni. Ni na yi musu wanka suna jarirai, na san girman kowa." Ta cusa masa igiyar a hannu, sai ga dariya ta zo mata, ta gaske wannan karon, da hawaye a ciki. "Ka ci, ango. Ka kayar da ni. Ga ta nan na ba ka, ciyawa kanka, kwasar kashi kanka, ƙuda kuma ga Luba nan."

"Allah ya bar mu tare, amaryata! Na san ba za ki..."

Kafin ya rufe baki ta fizge wayar daga ɗaya hannun.

"Wannan kuma tawa ce."

"Kaka! Wayata ce! Duk karatuna na ciki!"

"Ka zo nan ka riƙa karatun. Wane irin miji ne ba ya iya ba amarya waya? Nuna min inda ake ƙara sauti."

Ya nuna mata yana dariya. "Ni na ma fasa auren. Matar da mijinta ke zuwa kowace la'asar? A kai kasuwa."

"Da ma wa ya ce ina son ka? Ɗaure min saniya ka zo ka tsinci wake."

Ta soke wayar a ƙugun zaninta ta wuce gaba, mu muna biye, ba wanda ya yarda ya zama na ƙarshe.

An yi addu'a lafiya, nama ya ishi kowa. Oburoni tana nan, gwangwaninta na ƙiftawa. Kullum in inuwar benen Razak ta kai inda take kaiwa, ina jin muryar ta ƙetaro katanga: "Ga ni nan, ina sosa ta. Kada a kira ni." Sai in ji Hajiya daga bakin murhu tana cewa, "Wa ya kira ka? Shayinka na nan yana hucewa."

A wannan lokacin kaɗai ne ba na leƙe.